Ɗaki ɗaya, baƙi biyu: ta yaya kuke hana karon kamun ɗaki?

Uwar_Masauki:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina da ƙaramin gidan baƙi mai ɗakuna biyar. Na sa shi a shafukan kama ɗaki guda uku, ga masu kira ta waya, ga kuma masu shigowa da ƙafarsu. Daren Juma'ar da ta wuce wani bawan Allah ya iso da iyalinsa da akwatuna, ya miƙo min waya yana nuna lambar tabbacin kamunsa. Ɗakin da aka rubuta masa kuwa fitilarsa a kunne, wani baƙon yana ciki tun la'asar, shi ma da tasa lambar daga wani shafin. Kalandojin shafukan nan na haɗa su da juna tun ranar da na buɗe, kamar yadda aka ce a yi. To ina gizo yake saƙar? Ku da kuka riga ni shiga harkar, yaya kuke yi ɗaki ɗaya ba ya faɗa wa mutum biyu?

Dan_Kanta:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya kiyaye gaba. Kafin kowa ya ce komai, ki buɗe imel ɗin tabbaci guda biyun ki duba lokacin da kowanne ya shigo, awa da minti. Tazarar da ke tsakaninsu ita za ta nuna mana inda za mu dosa.

Uwar_Masauki:
Na duba yanzu. Duka a rana ɗaya aka kama, na farko ƙarfe 2:10 na rana, na biyu 2:50.

Injiniya_Waya:
To shi ke nan, minti 40 ɗin nan ya ba da amsa. Hajiya, haɗin da kika yi na iCal ne ko? Wato kin kwafo adireshin kalanda daga wannan shafi kin liƙa a wancan. Mutane da yawa suna zaton da zarar an yi haka shafukan suna magana da juna nan take. Ba haka abin yake aiki ba. Shafin da aka kama ɗaki a cikinsa ba ya aika wa kowa labari. Abin da yake yi kawai shi ne ya rubuta ranakun a fayil ɗinsa ya ajiye. Sauran shafukan ne suke zuwa da kansu su leƙa fayil ɗin lokaci-lokaci, kowanne da nasa jadawalin, galibi bayan 'yan sa'o'i. Tsakanin leƙe da leƙe ɗakinki yana nan a buɗe a wurinsu, ko da an riga an sayar da shi.

Kuma kada a ga laifin tsarin sosai, don ba domin masauki aka ƙirƙiro shi ba. An fitar da ƙa'idar iCalendar, wato cikakken sunan iCal, tun 1998, aka sabunta ta a 2009, don mutane su riƙa musayar lokutan taro tsakanin kalandoji irin su Outlook. Masu shafukan masauki aro suka yi. Shi ya sa abin da yake iya ɗauka kaɗan ne: daga rana kaza zuwa rana kaza a rufe. Ba ya ɗaukar farashi, ba ya ɗaukar mafi ƙarancin kwanakin zama, bai kuma san cewa kina da ɗakuna uku iri ɗaya, an kama biyu saura ɗaya ba.

Uwar_Masauki:
Eh, iCal ɗin ne, Injiniya. Wallahi ni a tunanina cikin daƙiƙa yake tafiya.

Baba_Mai_Makulli:
'Yata, ni na tsufa a sana'ar nan tun ana rubuta baƙi a babban littafi da biro, kuma har yau littafin yana kan teburina. Shawarata mai sauƙi ce. Taura biyu ba ta taunuwa. Ki raba ɗakunan: biyu ki ba wannan shafi, ɗaya wancan, ɗaya na ukun, ɗaya kuma ki riƙe a hannunki saboda mai kira da mai shigowa. Ɗakin da yake shafi ɗaya kaɗai babu ta yadda za a yi ya faɗa wa mutum biyu, ko intanet ta ɗauke mako guda. Ba kya bin kowace na'ura bashin barcinki.

Mai_Dakuna_Takwas:
Baba, Allah Ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce ta fuskar tsaro, amma akwai asara a cikinta da ba a gani. Na yi wannan rabon a baya. Sai ka ga shafin da ya fi kawo mutane ya sayar da nasa biyun tun da wuri ya rubuta "babu ɗaki", alhali ga ɗakuna biyu zaune a wani shafin da ba kowa ke leƙawa ba. Mai nema ya wuce maƙwabta, kai kuma ka kwana da ɗaki fayau. Sai dai in za ka zauna kullum kana kwashe ɗaki daga nan kana mayarwa can, wanda shi kansa wata ƙofar kuskure ce.

Baba_Mai_Makulli:
Ɗaki fayau asarar dare ɗaya ce, ɗana. Baƙon da ka mayar da shi da akwatinsa cikin dare ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa goma.

Sabon_Shiga:
Ina biye da ku, nima ban daɗe da farawa ba. Tambaya: idan shafuka uku ne, adireshin kalanda nawa ya kamata a liƙa? Ni na liƙa na farko a na biyu, na biyu a na uku, ina ganin labari zai bi layi ya isa.

Injiniya_Waya:
@Sabon_Shiga kada ka dogara da bin layi. Ba kowane shafi ne yake sake fitar da ranakun da ya shigo da su daga wani wuri ba, kuma ko ya fitar, jinkirin ya ninku, na farko ya jira na biyu, na biyu ya jira na uku. Kowane shafi ya ɗauko kai tsaye daga sauran biyun. Ke nan haɗi shida ga kowane ɗaki. Hajiya mai ɗaki biyar tana da haɗi 30 da za ta kula da su. Ka ƙara shafi na huɗu, ya koma 12 ga kowane ɗaki. Guda ɗaya ya mutu, ko aka liƙa na ɗaki na 2 a gurbin na 3, ba lallai ne wani ya sanar da kai ba.

Hajiya_Mai_Benaye:
Ni dai tunda na koma manhajar haɗa shafuka, wadda masu harkar ke kira canel manaja, hankalina ya kwanta. Bambancinta da iCal shi ne ita tana da layi kai tsaye da shafukan ta hanyar API, wato hanyar da manhajoji ke aika wa juna bayani da kansu. Ana kama ɗaki a wuri ɗaya, labari ya zo mata, ta rage adadi a sauran, yawanci cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Ɗakunan duka suna cikin rumbu ɗaya, kowane shafi yana ganin abin da ya rage. Farashi ma wuri ɗaya nake canzawa. Suna da yawa: SiteMinder da ƙaramarta Little Hotelier, Cloudbeds, Beds24, Smoobu, Lodgify, Hostaway, Guesty. Wasu an yi su ne don otal mai nau'o'in ɗakuna, wasu don masu ba da gida sukutum. 'Yar'uwa, ki duba wadda ta dace da ke, kuma kafin ki biya ki tabbatar tana da haɗin API da shafukanki ukun nan duka, don wasu suna haɗa manyan shafuka da API, ƙananan kuma su bar su a iCal ɗin da kike gudu.

Dan_Kanta:
Hajiya_Mai_Benaye, ke ɗakunanki da yawa. Mai ɗaki biyar fa? Ga la'adar da shafuka ke cira a kowane kamu, ga kuɗin manhaja duk wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A watannin da baƙi suka ja baya nauyin yana jin jiki.

Malam_Lissafi:
Dan_Kanta, a ɗora ɗaya gefen ma a sikeli. Me karo guda ɗaya yake ci? A shafin Booking.com, idan baƙo ya zo da tabbataccen kamu ba ka da ɗaki, kai ne za ka nema masa wani masauki daidai da naka ko wanda ya fi shi, kuma bambancin kuɗi da abin da ya biyo baya yana iya dawowa kanka. A shafin Airbnb, mai gida da ya soke kamu ba tare da uzurin da suka yarda da shi ba ana cirar masa tara, ana kuma iya toshe masa waɗannan ranakun ya kasa sake sayar da su. Mai neman lambar Superhost kuwa, wato lambar yabo da Airbnb ke ba masu masaukin da suka yi fice, sai sokewarsa ta kasance ƙasa da kashi 1 cikin 100. Wanda kamunsa a shekara bai kai ɗari ba ya lissafa da kansa abin da sokewa ɗaya za ta yi masa. Ban da sharhin da baƙon zai rubuta, wanda zai zauna a shafinka kowa na karantawa.

Ban ce kowa ya sayi manhaja ba. Cewa nake kowa ya ɗauki kuɗinta na shekara, ya ajiye kusa da abin da karo biyu ko uku za su ci masa, sannan ya yanke.

Abu_Yara:
Kada dai a ɗauka manhajar nan ta gama komai. Ina amfani da ɗaya, kuma an taɓa yin karo a wurina tana kunne. Wanda kamfanin ya turo ya saita mana ya haɗa "ɗaki mai gado biyu" na wani shafi da "ɗakin iyali" na cikin manhajar. Ana kama wannan, sai ta rage wancan. Komai yana nuna kore, babu wata alamar gargaɗi, har ranar da mutum biyu suka tsaya a gaban kanta. Duk wanda ya haɗa sabuwa, ya gwada da hannunsa ɗaki bayan ɗaki: ka rufe wata rana mai nisa a manhajar, ka buɗe kowane shafi kamar kai baƙo ne, ka ga ko ɗakin da ka rufe shi ne ya ɓace. Sannan kamun da aka riga aka yi kafin ranar haɗi ba koyaushe suke shigowa da kansu ba, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar suna ciki.

Hajiya_Mai_Benaye:
Abu_Yara ya faɗi gaskiya. In ƙara da wannan: bayan an haɗa, a cire hannu daga canza adadin ɗaki a cikin shafukan kansu. Ka shiga shafi ka rufe ɗaki a can, manhaja ba ta sani ba, in ta tashi aika sabon adadi sai ta shafe abin da ka yi ta sake buɗe shi. Wuri ɗaya ake taɓawa.

Yar_Risafshan:
Ku yi haƙuri iyayena, ni ma'aikaciya ce, ba mai gida ba, amma ni ke tsaye a kanta idan abin ya faru, ni baƙo ke kallo. A abin da na gani, yawancin karon ba daga na'ura yake zuwa ba. Mai gida yana hanya, aminin sa ya kira shi, ya ce "ba komai, ɗakinka na nan ranar Asabar", ya kashe waya, bai faɗa wa kowa ba. Ko baƙon da ke ciki ya leƙo da safe ya ce zai ƙara kwana biyu, wanda ke aiki ya ce to, ya karɓi kuɗi, bai shigar ba, alhali an riga an sayar da daren gobe a intanet. Ko famfon wani ɗaki ya lalace a kulle shi, amma a shafuka yana nan a buɗe. Ko a rubuta kamu a 'yar takarda a liƙa jikin kwamfuta, mai shara ya ɗauke.

Dokar da muka kafa yanzu ita ce ba a cewa "to" sai kalanda tana buɗe a gaban mai magana. Ko mai gida ne da kansa, sai ya ce wa mai kira "dakata in duba", ya shigar, sannan ya amsa. Da farko ya ji nauyin abin, yanzu ya saba.

Baba_Mai_Makulli:
Allah Ya yi miki albarka yarinya. Abin da littafina yake yi ke nan. Littafi ɗaya, a wuri ɗaya, abin da ba ya cikinsa bai faru ba.

Injiniya_Waya:
Baba, a nan mun haɗu. Ko littafi ne ko manhaja, dole a sami kalanda ɗaya da ita ce uwa, sauran duka daga ita suke ɗauka. Inda muka rabu shi ne littafi ba ya iya rufe shafi ƙarfe uku na dare lokacin da wani a wata nahiya yake kama ɗaki kai kana barci.

Matafiyi:
Bari in sa baki a matsayin wanda ake yi wa abin, don aikina na yawo ne. An taɓa mayar da ni daga ƙofar wani masauki bayan doguwar tafiya, kuma abin da ya fi ƙona min rai ba rashin ɗakin ba ne. Daga baya na gane sun san da karon tun kwana biyu kafin in iso, suka yi shiru suna fatan ɗayanmu zai fasa. Da sun kira ni tun lokacin, da na nemi wani wuri cikin natsuwa. Don Allah masu masauki, ranar da kuka gano, ranar za ku kira. Kuma kada ku ce wa baƙo shi ya shiga ya soke da kansa don ku tsira daga tara. Laifin ba nasa ba ne, kuma yana iya rasa kuɗinsa ta haka.

Mai_Dakuna_Takwas:
Amma fa manyan otal da gangan suke sayar da fiye da abin da suke da shi, kamar kamfanonin jiragen sama, saboda sun san wasu ba za su zo ba. Me zai hana mu ma mu riƙa ƙara ɗaya a ranakun da aka saba fasawa?

Malam_Lissafi:
Lissafin ba ɗaya ba ne. Otal mai ɗaki 300 yana da tarihin shekaru da ke nuna masa kusan mutum nawa ke fasawa kowane dare, kuma in hasashe ya kuskure yana da manyan ɗakuna da zai ɗaga baƙo zuwa ciki, yana da yarjejeniya da otal na kusa. Ɗaki ɗaya a wurinsa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. A wurin mai ɗaki biyar, ɗaki ɗaya kashi 20 ne. Da adadi kaɗan haka babu hasashen da zai tsaya.

Ummu_Khairi:
Ni ko lissafin ya yi daidai ban yarda da shi ba. Mutum ya ba ka kuɗinsa ko alkawarinsa, ya taso da iyalinsa bisa maganarka. Sayar da abin da ka san ka riga ka sayar cin amana ne, ko manya na yi ko ba sa yi. Kuskure daban, ganganci daban.

Mai_Dakuna_Takwas:
Na karɓa, Ummu. Tambaya ce na yi, ban taɓa aikatawa ba.

Sabon_Shiga:
To idan ya riga ya faru, wa ake bari a ɗakin? Wanda ya fara kamawa ko wanda ya fara isowa?

Ummu_Khairi:
Wanda ya fara kamawa mana. Haƙƙinsa ne.

Yar_Risafshan:
A takarda haka ne, Anti. Amma in na biyun ya riga ya shiga, ya yi wanka, ya baje kayansa, yaransa sun yi barci, ba za ki iya ƙwanƙwasa masa ƙofa ki ce ya fito ba. Sai ki tashi da masu fushi biyu maimakon ɗaya. Idan an gano tun kafin kowa ya iso, nan ne ake da zaɓi, kuma mu muna duba abubuwa da yawa: wa ya fara, wa zai daɗe, wa ke da ƙananan yara ko tsoho, wa zai iso tsakar dare. Mai kwana ɗaya shi kaɗai ya fi sauƙin samar wa wani wuri fiye da iyali masu mako guda.

Hajiya_Mai_Benaye:
Shi ya sa nake cewa kowa ya ƙulla zumunci da masaukai biyu ko uku na kusa da shi masu daraja irin tasa. Lambobinsu suna manne a kantarmu. Ranar da ta ɓaci, mu muke kira, mu biya bambanci, mu biya motar da za ta kai baƙon, mu kuma sanar da shafin da ya kama ta cikinsa don komai ya zama a rubuce. Su ma ranar tasu mu suke kira.

Dan_Kanta:
Mun yi nisa da tambayar Hajiya. Ita rigakafi take nema, kuma ba lallai ta iya sayen manhaja gobe ba. Ga abin da zan yi in ni ne, ba tare da kashe ko sisi ba. Na farko, sanarwar kowane shafi ta kasance a kunne a waya, da ƙara. Booking.com suna da manhajar waya mai suna Pulse, Airbnb ma tasu tana sanarwa. Kamu na shigowa, kada ki jira iCal, ki shiga sauran biyun ki rufe ranakun da hannu, ko ki danna maɓallin sabunta kalanda inda akwai shi. Da an yi haka cikin minti 40 ɗin nan da ba mu nan muna magana. Na biyu, ki hana a kama ɗaki ta intanet a ranar da za a shiga, ki sa sai an ba ki sanarwar aƙalla kwana ɗaya. Ba zai hana karo ba, amma zai ba ki lokacin ganowa kafin mutum ya tsaya a ƙofa. Sai na uku, wanda ya fi muhimmanci a wurina: idan ɗaki ɗaya ya rage a wata rana, ki bar shi a shafi ɗaya tak ki rufe sauran. Karo kusan kullum a kan ɗakin ƙarshe yake faruwa.

Mai_Dakuna_Takwas:
Wannan na ukun ya yi min. Ya ɗauki tsaron Baba ba tare da asarar rabon dindindin ba.

Abu_Yara:
A ƙara da kashe kamun nan-take inda aka ba da dama. A Airbnb za ka iya sa sai baƙo ya aiko da buƙata, kana da awa 24 ka amsa, ka ga ka samu damar duba sauran kalandojin kafin ka ce eh.

Hajiya_Mai_Benaye:
Yana taimakawa, amma yana da nasa farashin. Masu nema da yawa suna tace sakamako su ga masu kamun nan-take kaɗai, mai sauri kuma ba zai zauna jiran amsarka ba. Sannan a Booking.com asalin tsarin shi ne ana kamawa ya tabbata. Don haka in shafi ɗaya na jiran amincewarka, ɗayan ba ya jira.

Injiniya_Waya:
Akwai wata ƙofa da ba a ambata ba, kuma tana kama har waɗanda suka ƙware. A Booking.com akwai tsarin da idan baƙo ya soke, ɗakin yana komawa kasuwa da kansa. A mafi yawan lokaci alheri ne. Amma ɗauki misali: an yi karo, kin roƙi shafin ya soke ɗaya, ko baƙon ya soke don kansa bayan kin riga kin ba wani ɗakin ta waya. Sokewar na shiga, ɗakin ya sake buɗewa, wani ya kama. Duk lokacin da kika ga sanarwar sokewa, ki leƙa ki ga ko ranakun sun buɗe, ki tambayi kanki ko kina son su buɗe.

Kishiyar wannan ma tana faruwa da iCal. Shafi na farko ya rufe rana, na biyu ya kwafa, baƙon ya soke, amma rufewar ta maƙale a na biyu har sai ya sake leƙawa, wani lokaci ma ta dawo wa na farkon ta zagaye. Ba karo ba ne, amma ɗaki ne a rufe ba kowa a ciki.

Mai_Gida_Sukutum:
Nawa yanayin daban ne, ko akwai mai irinsa. Gida ɗaya nake da shi mai ɗakuna uku, na sa shi a matsayin gida sukutum, na kuma sa kowane ɗaki daban. In aka kama ɗaki ɗaya dole a rufe gidan sukutum, in aka kama gidan dole a rufe ɗakuna ukun. A cikin Airbnb akwai hanyar ɗaure kalandojin uwa da 'ya'ya su yi haka da kansu. Matsalar tana zuwa ne idan aka ƙara Vrbo ko wani shafin, don shi bai san dangantakar ba sai ka gina masa ita da haɗi ɗaya-ɗaya. Duk mai shirin sayen manhaja yana da irin wannan gida, ya tambaye su wannan tun kafin ya biya.

Yar_Risafshan:
Wani abu kuma da yake kama da karo alhali ba shi ba ne: mai isowa bayan sha biyun dare. Jirginsa zai sauka ƙarfe ɗaya na daren Alhamis wayewar Juma'a, sai ya kama ranar Juma'a, ya zo ƙarfe biyu yana neman makulli. Ɗakin nasa sai Juma'a da rana, mai daren Alhamis yana ciki yana barci. Yanzu duk wanda ya kama muna aika masa saƙo mu tambayi ranar da lokacin isowarsa, mu rubuta masa ranar shiga da ta fita da sunan rana, ba lamba kaɗai ba, don wasu ƙasashe wata suke fara rubutawa kafin rana.

Baba_Mai_Makulli:
Kun ga duk wannan jerin da kuke kawowa? Kowace na'ura da tata ƙofar. Ni dai ina nan kan bakana.

Uwar_Masauki:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na bi haɗin nan 30 da Injiniya ya lissafa, duka suna aiki, ke nan jinkirin ne. Daga yau na kunna sanarwa, zan riƙa rufewa da hannu, ɗakin ƙarshe kuma shafi ɗaya zan bar wa kamar yadda Dan_Kanta ya ce. Dokar Yar_Risafshan ma na ɗauka, na faɗa wa yaran da ke aiki da ni. Manhaja kuwa zan gwada ta gwaji kafin lokacin cikowar baƙi in gani. Abin da har yanzu ban samu amsarsa ba shi ne dare. Ni kaɗai ke riƙe da wayar, in kamu ya shigo ina barci wa zai rufe?

Injiniya_Waya:
Da iCal babu mai rufewa sai shafin ya zo leƙensa. Ko dai API, ko mutum a farke.

Dan_Kanta:
Ko kuma kafin ki kwanta ki duba makonni biyu masu zuwa. Duk ranar da saura ɗaki ɗaya ko biyu, ki bar ta a shafi ɗaya zuwa safiya. Ranakun da ɗakuna ke da yawa ba abin tsoro, ko an kama biyu a dare ɗaya kina da inda za ki sa su.

Abu_Yara:
Wannan zai yi aiki ne in ɗakunan iri ɗaya ne fa. Tunda Hajiya iCal take amfani da shi, kowane ɗaki da kalandarsa, kuma baƙo hoton wani takamaiman ɗaki ya gani ya kama. In ɗaya mai baranda ne ɗaya ba shi da ita, sauya masa ɗaki ma wata rigimar ce. Hajiya, ɗakunan naki biyar iri ɗaya ne ko kowanne da fasalinsa?

Uwar_Masauki:
Uku iri ɗaya ne, biyu manya ne na iyali. Wanda aka yi karon a kansa ɗaya daga cikin manyan ne.

Abu_Yara:
To manyan biyun nan su za ki fara cirewa daga shafuka uku ki bar kowanne a shafi ɗaya, irin rabon Baba, har ki gama gwajin manhajar. Ƙananan ukun ki bar su ko'ina, tunda suna iya maye gurbin juna.